Matan Zumunta: Mawaƙan da Fasto ke Shakka, Ɗan Siyasa ke Tsoro

Ku kwashe manyan mawaƙan bishara na Legas da Abuja gaba ɗaya, da fitilunsu masu walƙiya da hayaƙin da ake busa musu a kan dandamali, ku bar mini Matan Zumunta. Na yarda da musayar, ba na kuma neman ciko. Mata ashirin ko talatin, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, tulu biyu, caki, kuge, da ganga guda wadda fatarta ta sha duka har ta yi sheƙi. A wurina babu ƙungiyar waƙa a ƙasar nan da ta kama ƙafarsu. Zaƙin murya akwai shi har da na bayarwa, amma abin da ya sa na mace a kansu daban ne: su kaɗai suka rage a cikin ikilisiya da ke iya duban tsabar idon mai wa'azi da na mai mulki, su faɗa musu abin da ba sa son ji, a bainar jama'a, ana rawa, kuma a tashi lafiya kowa na dariya.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, to bari in gabatar da su, ko da yake na tabbata kun sha ganin su. Su ne matan nan da ke cika bayan akori-kura cikin atamfa mai tambarin ikilisiyarsu, suna tafe suna waƙa, za su gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure. Zumuntar Mata ƙungiya ce ta matan aure da gwauraye. Tana nan a ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, tana nan a Katolika da Angilikan, daga Mubi har Zuru, ta kuma ƙetara iyaka zuwa Maraɗi da Galmi a Nijar. Labarin da ake bayarwa na asalinta shi ne, a 1930, a Miango kusa da Jos, wata mata ta sha wuyar naƙuda har ta kusa rasa ranta don babu abin kai ta asibiti, sai matan majami'ar garin suka yi karo-karo suka sayi keke. Da keke aka fara ke nan, waƙa daga baya ta biyo. Shi ya sa har gobe ƙafar waƙarsu na ƙasa. Wadda ta fara hidimarta da tambayar wa zai kai mai naƙuda asibiti, ba za ka ruɗe ta da labarin jirgin saman wani bawan Allah ba.

Mu Kiristocin ƙasar Birnin Gwari ba mu da yawa. Gbagyi ne, da Kamukawa, da Hausawa ƙalilan, da baƙin da noma ko aikin gwamnati ya kawo, a warwatse cikin ƙauyukan da ke tsakanin Tsohon Birni da sabon gari da bakin daji. Majami'unmu na laka ne da kwano. Ba mu da jita mai lantarki, ko da akwai ta ma ina wutar? Amma muna da tulu.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai kaɗa tulu ba, an bar shi a baya. Tulun ɗiban ruwa ne dai da kuka sani, na yumɓu ko na ƙarfe, a girke shi a kan gammo tsakanin ƙafafu. A hannun dama akwai faffaɗan soso da aka naɗe da tsumma aka ɗinke, shi ake maka wa bakin tulun. Iskar da ke ciki ta rasa mafita, sai ta yi wani irin gurnani mai zurfi wanda ƙirji ke riga kunne ji. Babban tulu na riƙe da ƙasa, ƙaramin na yi masa gatse a tsakani, caki na yayyafi daga sama, kuge kuwa shi ne ɗan doka, duk wadda ta kauce ya dawo da ita layi. Sai mai ba da waƙa ta jefa baiti ɗaya da siririyar murya, ka ce ba za ta kai bangon baya ba. Kafin ta sauke numfashi mata talatin sun cafe. Jama'a! Nan ne tsigar jikina ke tashi. Amshin ba ya zuwa a goge a shafe yadda ake koyarwa a makarantar waƙa. Akwai muryar tsohuwa mai rawa-rawa, akwai ta amarya mai kaifi, akwai wata da ke bi ta ƙarƙashi tana tallabe sauran, kuma duk su haɗu su zama abu ɗaya. Rawar ma ba ta tsalle ba ce. Taku ne gajere, gaba da baya, kafaɗa a ɗan sunkuye, goyo na baya yana sharar barcinsa. Can sai wata ta rangaɗa guɗa, sai ka ga dattijon da ya rantse shi ba ya rawa a ɗakin Allah yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin benci.

Wannan kiɗa sai da ya sha gwagwarmaya kafin ya samu wurin zama. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shigowa yankin nan namu da a lokacin ake kira ƙasar Sudan, tafiyar da ta haifi mishan ɗin SIM. Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, a 1894. Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aka koma Wusasa a 1929, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Mutanen nan sun bar makarantu da asibitoci da kaburburansu a ƙasarmu, ba ni da bakin raina su. Sai dai kunnen da yawansu bai yarda da ganga ba. Da sun ji ta, bori da tsafi suke ji. Abin da suka ba mu shi ne waƙoƙin Ingila da Amurka da aka juya zuwa Hausa aka ɗora a kan karin da aka zo da shi, alhali Hausa na da nata hawa da sauka, da nata ja da taƙaitawa, waɗanda karin baƙo ke bi ta kansu ya wuce. Muna son Littafin Waƙoƙi, da shi aka binne kakanninmu, ni ma da shi nake so a binne ni. Amma wanda ya ce ya taɓa jin jikinsa ya motsa da shi yadda yake motsawa da tulu, a bincike shi. Matan ba su rubuta takardar koke ba, ba su kira taro ba. Ni dai a nawa ganin dabarar na cikin zaɓin kayan kiɗan: wa zai kafa wa tulun ruwa doka? Yau, shekara saba'in da 'yan kai bayan kafa ECWA a 1954, babu bikin godiyar kaka, babu jana'iza, babu naɗin fasto da zai yi armashi ba tare da su ba. Wannan ita ce nasararsu ta farko a kan al'adar da aka shigo da ita, kuma sun ci ta ba tare da ɗaga wa kowa murya ba.

Inda suka samo salon ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san waƙar daka da ta niƙa, inda mace ke sauke abin da ke cikinta game da kishiya ko uwar miji ko mai gidan kansa, ba ta kama suna ba, amma mai kaya ya san kayansa. Funtuwa na nan maƙwabtanmu, garin Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013 bayan ta shafe rayuwarta tana kaɗa wa mata ƙwarya tana zuga su su nemi sana'a. In aka ja baya za a tarar da Nana Asma'u 'yar Shehu da jajinta na 'Yan Taru, waɗanda da waƙa suka riƙa kai karatu ƙauyuka. Ban ce wannan ne ya haifi wancan ba. Na dai ce macen ƙasar nan, ko wane addini take bi, ta daɗe da sanin cewa maganar da aka hana baki faɗa, waƙa na iya fitar da ita.

A ikilisiya kuwa an hana bakin. A ECWA ba a naɗa mace fasto, haka ma a yawancin ikilisiyoyin arewa da suka fito daga hannun mishan. Mumbari na maza ne, majalisar dattawa ta maza ce, lissafin kuɗi a hannun maza yake. Abin da aka bar wa mata shi ne minti goma na waƙa kowace Lahadi, da mako guda a shekara da ake kira Makon Mata. To ku zo ku ga abin da suke yi da minti goman nan.

Tun daga shekarun 1980 wata irin koyarwa ta mamaye Kiristancin Najeriya, wadda ake kira bisharar arziki. A taƙaice: ka shuka iri a hannun bawan Allah, ka girbe mota. Talauci alamar ƙarancin bangaskiya ne, ciwo aikin maƙiya ne, ga man shafewa a kwalba, ga ƙyallen albarka, ga ambulan na musamman ga mai son buɗi na musamman. Daga manyan birane ta taso, talabijin da fastocin bango da wayar hannu suka kawo ta har ƙauyen da babu rijiyar burtsatse. Ta shiga kan samarin da ke fitowa daga makarantun tauhidi, har wasu na ɗaukar turawa majami'ar daji a matsayin horo. An taɓa turo mana irinsu. Yaro ne mai ƙoƙari, ga iya magana, amma bai yi wata uku ba ya mai da baiko sau uku a sujada ɗaya, ya kuma kafa allo a bakin ƙofa, an rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Dattawa suka yi ta gunaguni a gindin mangwaro, babu wanda ya iya tunkarar sa.

Ranar Lahadin Makon Mata sai matan suka shigo a jere da sabuwar waƙa. Labarin Gehazi ne, baran annabi Elisha. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya warke daga kuturta, ya kawo tukwici, annabin ya ƙi karɓa. Baran ya faki ido ya bi shi a guje, ya shirga ƙarya, ya karɓo azurfa da riguna ya ɓoye, kuturtar Na'aman ta dawo kansa. Kowa ya san labarin tun daga makarantar Lahadi. Amma yadda suka jera shi! Mai ba da waƙa tana kwaikwayon gudun Gehazi, tana waiwaye, tana cusa abu a ƙarƙashin zane, 'yan amshi kuma na ta maimaita masa tambayar da maigidansa ya yi masa game da inda ya fito. Suna yi suna matsawa, taku ɗaya gaba, rabi baya, har suka zo suka yi cirko-cirko daidai gaban kujerar fasto, suka ci gaba da tambayar Gehazi. Majami'a ta yi tsit, sai tulu. Can wani yaro ya fashe da dariya, shi ke nan kowa ya saki.

Da aka tashi, shugabar matan, tsohuwa ce da ta yi jika da shi, ta je ta rusuna ta gaishe shi. Ta ce, "Baba Fasto, kada ka ɗauka da zafi, mu da Gehazi muke." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na ji, Mama. Shi ma Gehazin ya ji." Lahadin da ta biyo baya babu allo a bakin ƙofa. Ku nuna mini littafin tauhidi ko taron ƙara wa juna sani da zai yi wannan aiki cikin minti goma, ba a kai ƙara gunduma ba, ba a raba ikilisiya biyu ba, yaron kuma bai rasa mutuncinsa ba. Daga baya ma ya zama ɗan gidansu, su suka yi masa hidimar aure.

Me ya ba su wannan ƙarfi? Amsar a fili take, kuma ita ce ta bambanta su da taurarin birni. Ba a biyan su. Wanda ba ka biya ba, ba ka iya kora. Su ne mafi yawa a kan benci, su ke share majami'a, su ke dafa abincin baƙi, su ke zaman makoki, su ke noma gonar ikilisiya, kuma kuɗin ƙuli-ƙuli da na daddawa da suke ƙullewa a bakin zane shi ke riƙe da asusun. Mawaƙin da ke jiran babban coci ya gayyace shi taron ƙarshen shekara dole ya auna kowace kalma, don mai gayyatar shi ne mai ambulan. A watan Maris na 2025 an yi ta cacar baki a intanet tsakanin mai wa'azi Femi Lazarus da mawaƙi Timi Dakolo a kan kuɗin da mawaƙan bishara ke yankawa kafin su hau dandamali. Kowannensu na da hujjarsa, mawaƙi ma yana da ciki da iyali. Ni dai ina karantawa ina tuna matan da ke biyan kuɗin mota daga aljihunsu don su je su yi waƙa a jana'izar wanda ba su taɓa gani ba.

A cikin manya, wanda nake cire wa hula shi ne Panam Percy Paul na Jos, mai jerin kundin "Bring Down the Glory". Ya daɗe yana kokawa da yadda hidimar waƙa ta koma kasuwa, kuma ya ba da labari da bakinsa cewa a 1995 an yi masa tayin kwantiragin fam miliyan 24 bisa sharaɗin ya rage ambaton sunan Yesu a waƙoƙinsa, ya ƙi. Ina kuma jin daɗin Solomon Lange da Jeremiah Gyang, waɗanda suka sa matasan birni suka daina jin kunyar yabon Allah da Hausa. Amma in ka kasa kunne da kyau, a ƙarƙashin jita da gangunan bature za ka jiyo takun iyayensu mata.

Sai siyasa, inda abin ya fi ƙuna. Mu mutanen jihar Kaduna mun san abin da haɗa addini da neman mulki ke haifarwa: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000 da 2002, bayan zaɓe a 2011. Kowane karo talaka ne ke kwana a rami. Duk da haka, da zarar zaɓe ya ƙarato sai mumbari ya koma rumfar kamfe, a coci da masallaci baki ɗaya. A zaɓen 2023 an kai maƙura. Tikitin Musulmi da Musulmi ya tayar da ƙura, 'yan takara suka yi ta zarya a manyan majami'u, annabce-annabcen wanda zai ci suka yi ta karo da juna, har a watan Yulin 2022 aka ga wasu sanye da rigunan bishop a taron gabatar da mataimakin ɗan takara a Abuja, ƙungiyar CAN ta ce ba ta san da su ba. Abin kunya ne ga kowa. Mawaƙan bishara masu suna kuwa, in ba shiru ba, to amshi.

A ƙaramar majami'ar da nake zuwa, wani ɗan takara ya taɓa shigowa ana tsakiyar sujada, da 'yan rakiya da ƙamshin turare. Wani dattijo ya yi wuf ya tashi wata gwauruwa daga bencin gaba, inda take zama saboda kunnenta ya yi nauyi, aka shimfiɗa wa baƙo darduma. Aka ba shi dama ya yi magana, ya yi alkawarin buhunan siminti, aka tafa. Da lokacin mata ya yi, sai mai ba da waƙa ta juya ta raɗa wa mai babban tulu wani abu, suka ajiye waƙar da suka shirya suka ɗauko wata tsohuwa, wadda aka gina a kan gargaɗin da ke cikin wasiƙar Yakubu game da ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar matalauci a tsaye. Biyu daga cikinsu suka fita daga layi suna rawa, suka je har baya suka kamo hannun gwauruwar, suka rako ta gaba suka zaunar da ita kafaɗa da kafaɗa da mai girma ɗan takara. Shi kuwa bawan Allah, ko bai gane ba ne ko ya gane ya daure, sai ya miƙe ya shiga yi musu liƙi. Suka bar kuɗin a ƙasa har aka gama, sannan ma'aji ta tsince ta ƙirga a gaban kowa, ta ce na asusun marayu ne. Simintin dai har yau muna jira.

Wannan ita ce siyasarsu. Ba su da jam'iyya, ba sa cewa a zaɓi wane. Suna ɗauko gonar Nabot da sarki Ahab ya ƙwace, su rera ta a shekarar da ake rigimar filaye. Suna ɗauko annabi Natan da ya tsaya gaban Dawuda. Da aka canja takardun naira a farkon 2023, mutane na kwana a layin banki, da kuma aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, sun yi waƙoƙin da ke lissafa farashin mudun masara da kuɗin mota zuwa Kaduna, suna kai ƙara wurin Allah da sunan kaya ɗaya bayan ɗaya. Wani zai ce wannan ba waƙar sujada ba ce. Ya je ya karanta Zabura ya dawo mu yi magana.

Inda suka gama da ni gaba ɗaya shi ne kan maganar daji. Dajin Kamuku, wanda ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara, da wurin alfaharinmu ne, har gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1999. Daga baya ya zama mafakar 'yan bindiga, abin da kowa ya sani. A Oktoban 2012 aka buɗe wa masallata wuta a Dogon Dawa, aka kashe fiye da mutum 20. A Mayun 2018 aka afka wa Gwaska, fiye da 40 suka tafi. Hanyar Kaduna, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, ta koma sai da rakiyar soja, in ka wuce Buruku sai addu'a. Manoma suka koma biyan haraji kafin su shiga gonakinsu. A 2021 gwamnatin jiha ta katse layukan waya, ta hana hawa babur, ta dakatar da kasuwannin mako. A watannin nan da babu kira babu saƙo, waƙoƙin matan ne ke yawo a katin memori, ana tura wa juna daga waya zuwa waya.

A daidai wannan lokaci, a duniyar masu bishara, musamman ta Amurka, labarin Najeriya ya taƙaita zuwa jimla ɗaya: ana kashe Kiristoci. A ranar 31 ga Oktoban 2025 Shugaba Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini. Ni ba zan ce ba a kashe Kiristoci ba, Allah ya kiyaye. An sace Leah Sharibu a Fabrairun 2018. An kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika a Janairun 2020. An kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a Chikun a Yulin 2021. Jininmu ne, ciwonmu ne. Amma wanda ya zauna a Birnin Gwari ya san yawancin gawarwakin da aka ɗauko daga gonakin nan sallah aka yi musu. Ya san yaran Kuriga da aka kora daji a Maris na 2024, ya san masu Mauludin Tudun Biri da jirgin soja ya hallaka a Disamban 2023. Mai neman ƙuri'a, a can ko a nan, rabin lissafin yake so. Matan Zumunta kuwa cikakken suke rerawa. Akwai wata waƙar makoki da suke yi a yankinmu, babu ganga babu caki, babban tulu kaɗai a hankali, mai bayarwa na kiran sunayen garuruwan da aka tasa ɗaya bayan ɗaya, masu coci da masu masallaci a haɗe, amshin kuma roƙon jinƙai ne kawai. Babu zagin wata ƙabila, babu kiran ramuwa. Ga shi kuwa cikin masu amshin akwai waɗanda suka sayar da gona da akuya suka kai kuɗin fansa, aka karɓa, aka ba su gawa. Na ga maƙwabciyarmu Musulma da ta zo gaisuwa ta tsaya a bakin zaure tana share hawaye da gefen hijabi, don an kira sunan garin iyayenta. Da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara, sun yi waƙar godiya, ƙwarai kuwa, har da guɗa. Amma a baitin ƙarshe sun tambaya wa zai noma wa gwauraye. Ban ji wani mai jawabi ya yi wannan tambaya ba.

A Amurka ma akwai masu irin wannan ƙarfin hali. Derek Webb ya fitar da kundin "Mockingbird" a 2005 yana sukar yadda ake ɗaura wa Almasihu tutar jam'iyya. Lecrae, mawaƙin gambara baƙar fata, ya fara magana a kan kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙe, masoyansa fararen masu bishara da yawa suka juya masa baya, shi ma a 2017 ya ja jikinsa daga cikinsu. Ina girmama su. Sai dai su daga gefe suke jifa, wasu ma sai sun fice tukuna. Namu matan suna tsakiyar ɗaki, ba inda za su, kuma gobe da asuba su za su zo shara. A 2015 ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN, ikilisiyar da mafi yawan 'yan matan Chibok suka fito daga cikinta, ta zaga Amurka tana waƙa. Da ma a ce masu tsara manufofi a can su suka zauna suka saurara.

Kada a ce so ya rufe mini ido, ina da ƙorafi biyu. Na farko, su ma 'yan siyasa sun gano hanyar gidansu, ana kai musu atamfa da buhun shinkafa, kuma na ga rassan da suka karɓa suka yi wa mai bayarwa kirari a inda bai dace ba. Na biyu, wannan madannin lantarki da ake cusa musu a situdiyo, mai kiɗan da ke buga kansa, yana kashe tulu. Duk wanda ya fara wannan ɗabi'a Allah ya shirye shi. Faifan da aka ɗauka da waya a tsakar majami'a, da kukan jariri da carar zakara a ciki, ya fi mini wancan sau dubu.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waƙoƙin nan ba a san masu su ba. Wata ce a wani ƙauye ta ƙaga tana tsinkar gyaɗa, ta koya wa 'yan'uwanta ranar taron mako, aka kai taron gunduma, wasu suka ɗauka suka wuce da ita Zariya da Kontagora da Gusau, sunanta ya faɗi a hanya. Ƙauyuka da yawa sun watse, tsofaffin da ke riƙe da waƙoƙin a ka suna ta tafiya. Don haka roƙona ga samarin ikilisiya masu manyan wayoyi: ku ɗauki waƙoƙin iyayenku, ku tambayi wadda ta ƙaga kowace, ku rubuta sunanta da garinta da shekara kafin ku tura wa kowa. Gidajen rediyon Kaduna su ba su fili ko na rabin awa ne a mako. Fastoci kuma, don Allah, in sujada ta yi tsawo a rage sanarwa, kada a taɓa minti goman mata.